Kunyar 'Yar Fari Ta Sa Na Zaunar da Ɗiyata a Bencin Baya

Assalamu alaikum Edita, da duk masu bibiyar wannan fili. Na daɗe ina karanta labaran mutane a nan ina girgiza kai ina cewa Allah Ya kyauta, sai ka ce ni ban taɓa aikata abin girgiza kai ba. Yau dai na ce bari in sauke nawa kayan. Ba zan ambaci sunana ko na kowa ba, wanda ya gane ni ya rufa mini asiri. A shekarun da nake ba ku labari ni malamin firamare ne a ƙauyenmu, can tsakanin Kankiya da Kusada, aji huɗu ne a hannuna, shekaruna ba su cika arba'in ba. Ina da mata da 'ya'ya huɗu, da gonar gyaɗa da ta gero da na gada, ga wani tsohon mashin da sai an tura yake tashi. Abu biyu nake taƙama da su. Na farko rubutuna a allo, wanda ko hedimasta in zai rubuta sanarwa ni yake kira. Na biyu adalci. An san ni ba na duba ɗan wane ne, ɗan mai gari in ya makara zai sha bulala daidai da ɗan mai kiwon awakinsa. Wannan adalcin da nake ji da shi, haɗe da wata al'ada da na tashi a cikinta, su suka kusa sa in cire ɗiyata ta fari daga makaranta da hannuna, a kan laifin da ba nata ba.

Mu a gidanmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Innata Bafulatana ce, daga wata ruga ta wajen Kusada aka auro ta, ta kuma zo da filakonta, wato kunyar Fulani, cikakke. Ni ne ɗanta na fari, kuma har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana nemana sai ta ce a kira mata wancan, in kuma ina kusa sai ta yi magana da bango ni in amsa. Ban taɓa jin haushi ba, don na san wa take ɓoye wa fura mafi kauri. To da Allah Ya ba ni 'ya mace a haihuwar farko, sai na bi sawu. Ranar suna gona na tafi na wuni. Ban taɓa ɗaukar ta a gaban mutane ba, ban taɓa kiran sunanta ba, in ta shigo zaure in kau da kai. Uwarta ma haka, ita har ta fi ni. Da aka yaye ta sai aka miƙa ta ɗakin Inna, ta zama 'yar Inna, gida ɗaya muke amma kamar da katanga a tsakani. Ƙannenta kuwa da suka biyo baya har dokin wuya nake musu, in an yi la'asar in shimfiɗa tabarma in koya musu baƙaƙe da ƙidaya. Ita sai dai ta zauna can a ƙofar Inna tana ɓarar gyaɗa tana sauraro. Ni a lokacin gani nake tarbiyya mai kyau muke ba ta.

Da aka sa ta makaranta, aji ɗaya da aji biyu ba a ji komai ba. Wanda ya san firamaren ƙauye ya san ƙananan azuzuwa da baki ake karatu, malam ya faɗa, yara su amsa da ƙarfi har masu jan ruwa a rijiya su ji. Ita kuwa kunne gare ta, abu in ya shiga ya zauna. A aji uku ne, da aka fara kwafar rubutu daga allo, ta soma ja da baya, aka dai tura ta gaba da ƙyar. Sai ga ta a aji huɗu, ajina. Na sami hedimasta na roƙe shi ya sauya mini aji, ya yi dariya ya ce malamai nawa gare mu da har za a zauna zaɓe, in je in yi haƙuri, ai yarinyar ba cizo take ba. Ranar farko da na shiga na hange ta a benci na biyu. Yaya zan wuni ina koyarwa 'yar fari na zaune a ƙarƙashin hancina? Me kuma mutanen gari za su ce in suka ji ɗiyar Malam ce a gaba? Sai na tayar da ajin duka na sake musu wurin zama, don kada a gane ita nake nufi. Na yi ta jujjuya yara har ta faɗa bencin ƙarshe, a kusurwa, jikin bango. In ina kiran rijista na zo kan sunanta sai in yi tari, in sa alama, in wuce. Yara sun gane, har jira suke in iso wurin tarin.

Allon ajin nan siminti ne a jikin bango, duk ya koɗe, sai mun goga masa baƙin tsohon batir kafin alli ya fito. Ni da nake tsaye kusa, ganin rubutuna nake tamkar bugun inji. Littafinta kuwa in ya zo hannuna cikin tarin littattafai, sai in ga rabin shafi babu komai, sauran rabin kuma an jagwalgwala. Wata rana na lura duk kuskuren da yarinyar da ke kusa da ita ta yi, ita ma ta yi shi, harafi da harafi. Na ce satar amsa ce. Na fito da su biyun gaban aji, na yi wa waccan bulala uku, na yi wa tawa shida, don a san ba na son kai. Ba ta ɗaga murya da kuka ba. Ƙarshen shekara ta zo ta biyun ƙarshe, ni da hannuna na rubuta a katinta cewa ta maimaita aji. Labari ya zaga gari. A majalisa ana ta cewa ga malamin gaskiya, ya kayar da ɗiyar cikinsa. Edita, ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji. Har gyara zaman hula nake in an ɗauko zancen.

Alamu kuwa sun yi ta zuwa, ni ne dai ban karanta su ba. In tana tsintar shinkafa sai ta kai faifan har hanci. In ta haɗu da manya a hanya ba ta gaishe su sai sun zo dab da ita, kanta kullum a sunkuye, idanu a ƙanƙance. Matan gari kuwa sai yabo, wai ba su taɓa ganin yarinya mai kunya irin jikar Inna ba, jinin Fulani ba ya ɓuya. Inna da ya kamata ta lura, ita ma idonta ya fara yana, ko zare sai an zura mata a allura. Abin da ya fi damuna in na tuna shi ne wani lokacin cirar gyaɗa. An aiko ta da fura gona, ina tsaye da rana tsaka a tsakiyar gonata, ko itace babu da ya kare ni. Ta zo ta wuce ni, tsakaninmu bai fi taku ashirin ba, ta nufi gonar maƙwabcina, ta durƙusa ta ajiye masa ƙwaryar. Sai da ya yi magana ta zabura. Mutumin nan ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ɗaga murya yana ce mini wagga kunya tamu ta kai intaha, tun da har furar uba ake kai wa maƙwabci. Sai da ya sha rabi ya miƙo mini saura. Ni ma na yi dariya. Da na dawo gida na ba da labari, kowa ya dara, aka ƙara yaba kunyarta.

Shekara ta biyu a aji huɗu ba ta sauya zani ba, har ƙanenta da ke bi mata ya kusa kamo ta. Wata safiya Inna na tuyar ƙuli-ƙuli, sai ta soma magana da kaskonta, ni kuma ina tsaye ina ji. Ta ce ita dai ba ta ga amfanin a riƙa tura yarinya ta wuni jingine da bango ta dawo da shatin bulala ba. In wanga boko bai karɓe ta ba, ai ba kowace ƙasa ke yin gyaɗa ba, a bar mata abarta ta koya mata matsar mai da tuyar ƙuli, sana'ar da ta riƙe gidan nan tun ba a haifi mai allin ba. Na ga maganar ta yi ma'ana, ta kuma zo mini daidai, don na gaji da kauce wa kusurwar nan da ido. Na ce to, in an gama jarrabawar wannan zangon ta zauna gida. Daga baya uwarta ta faɗa mini a kaikaice, wai 'yar Inna kwana biyu ba ta cin abincin kirki, an same ta a bayan rumbu rungume da jakar littattafanta. Na ce rigimar yara ce, za ta manta. Saura wata biyu a yi jarrabawar.

Sai Allah Ya kawo nasa ikon ta inda ban zata ba. Ina dawowa daga Kankiya a kan mashin, akuya ta gitta, na kauce mata na faɗa kwalbati, ƙafa ta karye. Aka kai ni wurin maɗori, na yi wata guda a kwance ina ƙirga azarar ɗaki. Ajina sai aka haɗa wa wata Malama da ke zuwa daga Kusada kullum. Dattijuwa ce, ta girme ni nesa, ta kusa ritaya, bakinta kuma ba shi da linzami. Tana da wata ɗabi'a da muke yi mata dariya a kai: ba ta yarda yaro ya karanta daga wurin zamansa kawai, sai ta kira kowa ɗaya bayan ɗaya ya zo gaban allo ya nuna da tsinke. Mu muna cewa ɓata lokaci ne. Da na sami sauƙi na koma ina dogara sanda, ina shiga aji sai ga 'yar fari zaune a ƙasa a kan buhu, gaban bencin farko, ƙafarta kusan tana taɓa bangon allo. Raina ya ɓaci. Ban dube ta ba, na dubi rufin kwano na ce duk wanda aka sauya wa wuri ya koma inda na bar shi. Ita kaɗai aka sauya wa. Ta naɗe buhunta ta koma kusurwa.

Da aka fita hutun ƙarfe tara, Malama ta same ni a gindin dalbejiyar da muke zama, ko jajen ƙafa ba ta ƙarasa ba ta tambaye ni wa ya mayar da yarinyar nan baya. Na ce ni ne, kuma ajina ne. Ta ce ta san ajina ne, shi ya sa abin ya fi muni. Ta ce yarinyar da ake kira daƙiƙiya, in ta tsaya gaban allo babu abin da ba ta karantawa, a lissafi da ka kuwa ta fi duk ajin, amma daga taku huɗu ba ta bambanta alli da bango. Ba ta gani ne, Malam, ba ta gani, haka ta yi ta maimaitawa. Ta ce ita mako guda ya ishe ta ta gane, ni kuwa shekara goma sha ɗaya yarinya na cikin gidana. Na shiga kame-kame, ina cewa Malama ai kin san al'adarmu, 'yar fari ce. Ta ce ita ma tana da ɗan fari, har yau ba ta faɗin sunansa, amma ta san yawan haƙoransa. Ta ce ta ji ana barin halas don kunya, ba ta taɓa jin inda aka ce a bar amana don kunya ba. Na ji zafi ƙwarai, don a gaban wasu malamai biyu ta faɗa, har ina cewa a raina tsohuwar nan neman suna take. Ta miƙe ta kakkaɓe zaninta ta ce kada in yarda da ita, in gwada da kaina, ai allin a hannuna yake.

Da aka tashi, yara na rububin fita, na ce ta kusurwa ta tsaya. Muka rage mu biyu a aji, abin da bai taɓa faruwa ba. Na rubuta kalma ɗaya a allo da manyan baƙaƙe, kowanne ya kai tafin hannu, na ce a karanta. Na juya na dube ta, duba na sosai, irin wanda ban yi mata ba tun tana zanen goyo. Ta miƙo wuya, ta matse idanu, ta ce a hankali wai tana ganin fari-fari. Na ce ta matso benci ɗaya. Ta matso. Na ce ta ƙara. Haka muka yi ta yi, benci bayan benci, har ta iso inda buhunta yake ɗazu, sannan ta karanta. Na cika allon da jimloli ta karance su tiryan-tiryan, na ba ta lissafi ta ba ni amsa kafin in ajiye allin. Na tambaye ta abin da ya sa take kwafar littafin ta kusa da ita, ta ce shi ne allon da take iya gani. Na tuna bulala shida. Na zauna a bencin yara na ce ta tafi gida. Na daɗe a wurin, ban san hawaye nake ba sai da na ga ɗigo a gaban rigata.

Faɗa wa Inna ya fi gwajin wuya. Na zauna a ƙofar ɗakinta na yi bayani, na ce zan kai yarinyar Katsina a duba idonta. Ta ce wa tukunyarta wai tabarau na tsofaffi ne da 'yan birni, in aka saba wa yaro da shi idon mutuwa yake gaba ɗaya, a nemo kwalli mai kyau tukuna a gani. Da ta ga ban tashi ba, sai ta ce to in dole ne ƙanena ya kai ta, tun da ga ƙafa ba ta gama warkewa ba, kuma ba a taɓa yi a zuri'arsu ba uba ya jera da 'yar fari ya ratsa gari, su zauna kujera ɗaya a mota ana kallo. Wallahi saura kaɗan in amsa, don ni ma abin yana mini nauyi. Amma na ce a raina ni na kai ta kusurwa, ni ya kamata in fito da ita. Na ce Inna ta gafarce ni, wannan karon ni zan je. Washegari da sassafe na tarar ta shirya yarinyar, ta yafa mata mayafinta na zuwa biki, ta ƙulla mata ƙuli a leda. Muna fita na ji tana faɗa wa ƙyauren ɗaki cewa makauniya aka ba riƙon mai ciwon ido, laifin ba na mutum ɗaya ba ne.

A asibitin ido, a tagar yankar kati, ma'aikacin ya tambayi sunan mara lafiya. Na waiga ina neman wanda zai faɗa, babu kowa sai ni da ita, ga layi na jira a bayana. Na buɗe baki na faɗi sunan. Ya fito mini wani iri, kamar na ari bakin wani. Ita kuwa ta ɗago kai da sauri tana neman wanda ya kira ta. Likitar da ta duba ta, bayan ta gama jarraba mata gilasai kala-kala, ta ce ba wani mugun ciwo ba ne, idon ne ba ya hangen nesa, da an kawo ta tuntuni da tabarau kaɗai ya raba gardama. Ta tambaye ni ko malamin ajinsu bai taɓa lura ba. Na ce bai lura ba. Ta girgiza kai ta ce wasu malaman dai sai addu'a. Na ce ƙwarai kuwa.

Bayan mako guda muka koma karɓar tabarau. Da aka sa mata ta tsaya cik, ta dubi ƙasa, ta dubi sama, sannan ta kama hannun rigata, abin da ba ta taɓa yi ba, wai ƙasa ta matso tana tsoron takawa. A mota kuwa kunya ta gudu. Tun daga Katsina har Kankiya babu allon shago ko rubutun bayan babbar mota da ba ta karanta da ƙarfi ba, fasinjoji na dariya suna gyara mata inda ta yi tuntuɓe. Ta nuna mini wata bishiya ta ce ashe daga nesa ma ana ganin ganye ɗaya-ɗaya. Ta hango garken shanu can gefen hanya ta shiga ƙirga su. Wani dattijo da ke kusa da mu ya tambaye ni ko ɗiyata ce, na ce e, ita ce ta fari. Ya dube ni da ɗan mamaki jin na faɗa kai tsaye, ya ce Allah Ya raya.

Na mayar da ita benci na biyu, a gaban kowa, na kuma daina tari a rijista. Yara suka sa mata mai ido huɗu, ta yi kukanta na kwana biyu ta saba. Mako biyu kacal ta samu kafin jarrabawa, ta zo ta tara. Da aka faɗa wa Inna sai ta ce ƙuli ba ya gudu, a bar ta ta yi bokonta. Inna ta rayu har ta ga jikarta ta gama sakandare a Kankiya, ita ke zura mata zare, ita ke karanta mata takardar magani. Yau ɗiyar nan tawa ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti wajen Rimaye, tana da aure da 'ya'ya uku, kuma in na yi zazzaɓi ita ke zuwa ta yi mini faɗa a kan shan magani. Ni na yi ritaya, na koma gonata, jikoki na hawa kaina, ba ni da abin cewa sai godiya. Malama ma ta daɗe da ritaya, duk kaka nakan kai mata gyaɗa har Kusada, ita kuma ba ta taɓa fasa tambayata ko na je an duba nawa idon ba. Shekarar karatun da yarinyar ta yi asara ba ta dawo ba, amma Allah Ya rufa asiri abin ya tsaya a nan.

Abin da ya sa na ɗauki biro yau kuwa, bara da sallah ne ta zo gida da 'ya'yanta. Muna zaune a tsakar gida da hantsi ana hira, zancen tabarau ya faɗo. Na yi ƙarfin hali na tambaye ta abin da ya daɗe yana cina a rai: me ya hana ta faɗa wa wani ba ta gani, duk tsawon lokacin nan? Ta yi dariya ta ce ai da farko ta zaci kowa haka yake gani. Amma ranar da aka kai ta kusurwa ta gane daga benci na biyu tana ɗan tsintar wani abu, daga can kuwa babu, sai ta ɗaga hannu don ta roƙi a dawo da ita gaba. Ta ce kwana huɗu tana ɗagawa, tun daga shigowata har hannun ya gaji ta tallafe shi da ɗayan. A na biyar ta bari, don ta yi tunanin tun da ita ba ta hango Malam daga can, wataƙila Malam ma ba ya hango ta. Tana faɗa tana dariya, ta ce ai ya wuce, ta yafe tun ranar da muka shiga mota tare. Ni dai ban iya dariyar ba, don na tuna. Na ga hannun nan. Duk kwana huɗun na gan shi, ina kau da kai in kira wani.

Ban rubuto don in ce a yar da kunya ba. Kunya ado ce, da ita aka rene mu, kuma har yau sunan ɗiyar nan nauyi yake mini a baki. Wanda ya ga zai iya riƙe al'adar ya riƙe. Amma in kunya ta kama baki, kada a bari ta kama ido. Ɗan fari ma yaro ne, yana ciwo, yana jin tsoro, yana da tambaya, kuma in uba ya kau da kai, uwa ta kau, kaka ta tsufa, to wa aka bar masa? Ku 'yan'uwana malamai kuma, adalcin da ake yi don a yaba a majalisa ba adalci ba ne, son kai ne ya sake riga. Kafin ka kira yaro daƙiƙi ka matso da shi kusa, ka duba idonsa, ka gwada kunnensa, ka tambaye shi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. In ka ga hannun yaro a sama, naka ne ko na wani, ka ji abin da yake so tun bai sauke ba. Tawa kwana huɗu ta yi ta sauke, ta kuma ba ni uzurin da ban cancanta ba, ta zaci ban gani ba ne, alhali idona garau yake.